Darasi na Tara: Ɗalibi Ya Koyar da Ɗan'uwansa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana tsarin karatun da 'yan'uwa ke jagoranta a tsakaninsu;
2. ba da labarin 'Yan Taru da na Mata Masu Dubara, da yadda kowannensu yake tafiya;
3. faɗin dalilan da ke sa irin wannan karatu ya cire wa mutum jin nauyi, ya koya masa riƙon jama'a;
4. gane abubuwan da ke rusa shi;
5. haɗa kai da abokan karatunsa su kafa da'irar karatu a unguwarsu.

Shimfiɗa

A yawancin azuzuwan yaƙi da jahilci malami ɗaya ne, ɗalibai kuwa da yawa, zaman kuma sau biyu ko uku ne a mako. Magidanci mai furfura ko uwar 'ya'ya idan abu ya shige musu duhu, sau da yawa sukan ji nauyin ɗaga hannu a gaban jama'a. Amma da zarar an tashi, a kan hanyar komawa gida, sai ka ji ɗaya ya ce da na kusa da shi, "Don Allah ɗan sake nuna mini harafin nan." A nan take zai gane abin da ya gagare shi a aji, shi kuma wanda ya nuna masa, harafin ya zauna masa ke nan.

Wannan darasi yana magana ne a kan yadda ake ɗaukar irin wannan taimako a mayar da shi tsari. Mutanen da halinsu ya zo ɗaya, manoman gari guda, ko matan unguwa, ko 'yan kasuwar layi ɗaya, sukan zaɓi wani daga cikinsu, a ba shi horo, ya dawo ya jagoranci karatunsu. Jagoran ba baƙo ba ne. Harshensu ɗaya, damuwarsu ɗaya, kuma jiya-jiya shi ma a kan tabarmar ɗalibai yake. Babban abin da za ku riƙe shi ne, mutum yana samun ƙarfin zuciya ne idan aka danƙa masa aiki na gaske a gaban waɗanda suka san shi, aka kuma tsaya masa har ya iya.

'Yan Taru: makarantar Nana Asma'u

An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Ɗagel a shekarar 1793, ta rasu a 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da mahaifinta. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta kuma ga wahalhalun yaƙin da ya biyo baya da idonta. Ta haddace Alƙur'ani, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mijinta shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta tashi a gidan da ake ɗaukar karatun mata wajibi, domin Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya soki malaman da ke karantar da ɗaliban waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Bayan an kafa daula, ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno sun cika da matan da ba su taɓa zama gaban malami ba. A cikinsu akwai waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu, akwai kuma waɗanda idan ciwo ko baƙin ciki ya same su, bori suka sani. Asma'u mutum ɗaya ce, ba za ta iya zagaya ƙauyukan nan duka ba. Su kuma matan aure masu goyo da aikin gida ba za su iya barin ɗakunansu su yi tafiyar kwanaki ba.

Dabarar da ta yi, tun wajen shekarun 1830, ita ce ta riƙa zaɓar dattijuwa mai hankali da amana daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, wato jagorar matan ƙauyensu. A wajen naɗin takan ba ta malfa, a ɗaura mata jan rawani a kai. Masu binciken tarihi sun nuna cewa malfa a da alama ce ta Innar Gobir, wadda ke shugabantar harkar bori a masarautar. Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka sani suna girmamawa, ta ɗora ta a kan mace mai koyar da addini. Duk wanda ya ga jaji a hanya ya san wannan mace an ba ta aiki, kuma akwai wadda ta tsaya mata.

Jaji takan taso daga ƙauyensu da ayarin mata, yawanci tsofaffi da 'yan mata waɗanda ba su kai aure ba, su je wurin Asma'u. Sukan zo da abin da suka samu, hatsi ko zuma ko zare, ita kuma ta raba wa mabukata. Su ɗauki karatu, su yi tambayoyin da matan ƙauyen suka aiko su da su, sa'an nan su koma. Idan sun isa gida sai su bi gida-gida suna koya wa waɗanda ba su sami zuwa ba. Waɗannan mata su ake kira 'Yan Taru.

Littattafan karatunsu waƙoƙi ne. Asma'u ta san yawancin ɗalibanta ba sa karanta ajami, amma suna iya riƙe waƙa, su rera ta suna daka ko suna kaɗi. Saboda haka ta tsara waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114, ta kuma yi ta da Fulatanci da Hausa da Larabci. Ta yi wata a kan salihan mata, tun daga matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Rabi'atul Adawiyya, har zuwa matan ƙasarta da ta sani, domin mace ta ji cewa irinta ma sun kai wannan matsayi. Ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, ƙanenta Isa kuma ya mayar da waƙoƙinta da dama daga Fulatanci zuwa Hausa. Da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, Asma'u ta yi mata waƙar ta'aziyya, kamar yadda ta yi wa manyan daula. Wannan ya isa ya nuna darajar da jaji ke da ita a wurinta.

Karatun 'Yan Taru bai tsaya ga hadda ba. An san su da duba marasa lafiya, da yi wa mamata mata wanka, da share masallatai, da sasanta masu rigima, da kula da marayu. Bayan rasuwar Asma'u ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Da Jean Boyd, wata 'yar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta bi sawun wannan tarihi fiye da shekara ɗari bayan haka, ta tarar da tsofaffin mata a ƙauyuka suna riƙe da waƙoƙin da tsarin.

Abubuwa huɗu ne suka riƙe 'Yan Taru. Jagorar daga cikin matan take. An girmama ta a bainar jama'a da alama bayyananna. Ba a sake ta ita kaɗai ba, tana komawa wurin malamarta ta ƙaro sani, a gyara mata kuskure. Sa'an nan karatun yana fita daga ɗaki ya zama hidima ga mutanen gari. Ku riƙe waɗannan huɗun, za mu sake cin karo da su.

Mata Masu Dubara: akwati mai kwaɗo uku

A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri da matan karkara a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. An gina shi ne a kan adashen da mata suka daɗe suna yi, sai dai an yi masa gyara. A adashe kowace mace tana jiran ranar kwasarta. A nan kuwa kuɗin yana taruwa ne a akwati, mai bukata ta ci bashi ta juya a sana'arta, ta mayar a lokacin da aka yanka mata. A ƙarshen zango, wanda bai cika wuce shekara ba, sai a fasa akwati a raba, sau da yawa daidai lokacin da ake bukatar iri da taki ko hidimar salla. Ba a zuba musu ko sisi daga waje. Duk abin da ke cikin akwatin guminsu ne.

Ƙungiya ɗaya takan ƙunshi mata ashirin da wani abu zuwa talatin, suna haɗuwa mako-mako. Su ne ke zaɓar shugaba da ma'ajiya da masu ƙirga kuɗi, su ne kuma ke kafa dokokinsu: nawa za a zuba, nawa ne tarar wadda ta makara, me za a yi idan wata ta kasa biya. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku dabam, akwatin kuma yana ɗakin wata ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Da yake yawancin matan farko ba su iya rubutu ba, sai suka riƙa tsare lissafi da ka. A ƙirga kuɗin da ƙarfi, a faɗi jimla, kowa ta ji, mako mai zuwa kuma a tambaya kafin a buɗe akwati. Akwai kuma wani ɗan asusu na daban don taimakon wadda rashin lafiya ko rasuwa ta afka wa.

Ma'aikaciyar shirin takan zauna da sabuwar ƙungiya na wasu watanni, tana rage zuwa sannu a hankali, har ta bar su su ci gaba da kansu. Da mata a ƙauyukan maƙwabta suka ga amfanin abin suka fara nema, ma'aikata suka kasa isa ko'ina. Sai aka koma ga dabarar da ta yi kama da ta jaji. Aka riƙa zaɓar mace mai basira daga cikin tsofaffin ƙungiyoyi, a ba ta horo, ta je ta kafa sababbi, su kuma su riƙa ba ta ɗan abin hasafi daga aljihunsu. Ta wannan hanya shirin ya bazu a Nijar, daga baya kuma aka kwaikwaye shi a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya da Latin Amurka.

Abin da ya fi jan hankali shi ne abin da ya faru da matan kansu. Macen da shekara da shekaru ba ta taɓa magana a taro ba, sai ga ta tana tsayawa duk mako ta faɗi lissafi a gaban mutum talatin. Ta koyi buɗe taro da rufe shi, ta koyi ce wa ƙawarta "lokacin biyanki ya yi" ba tare da zumunci ya ɓaci ba. Ƙungiyoyin ƙauyuka suka riƙa haɗewa suna kafa rumbunan tsimi, su sayi hatsi da kaka su sayar wa 'yan'uwa da rangwame lokacin bazara. A shekarar 2000 Nijar ta kafa dokar da ta tilasta ware wa mata kaso a kujerun zaɓe. Da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, wasu daga cikin matan waɗannan ƙungiyoyi suka tsaya takara, suka ci kujerun kansila. Doka ce ta ba su dama, amma a gaban akwati suka koyi yadda ake yi wa jama'a magana.

A wasu ƙasashe

A ƙasar Suwidin, a shekarar 1902, wani malami mai suna Oscar Olsson ya kafa da'irar karatu a garin Lund, a cikin ƙungiyar masu yaƙi da shan giya. Mutane kaɗan ne ke haɗuwa, su sayi littattafai, su karanta, su tattauna, jagoransu kuma ɗaya daga cikinsu ne. Ƙungiyoyin ma'aikata suka rungumi tsarin, har yau kuma gwamnatin ƙasar tana tallafa wa irin waɗannan da'irori.

A tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin, wajen 1930, wani mai suna Frank Laubach yana koya wa Musulmin ƙabilar Maranao karatu da harshensu. Da kuɗin biyan malamai ya yanke, sai aka kafa sharaɗi cewa duk wanda ya iya karatu wajibi ne ya koya wa wani. Wannan tsari na kowa ya koyar da mutum ɗaya ya zaga duniya, hukumomin ilimin manya a Nijeriya ma sun yi amfani da shi.

Me ya sa yake cire jin nauyi?

Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya bayyana a 1977 cewa abubuwa huɗu ne ke sa mutum ya yarda zai iya yin wani aiki. Idan kuka duba, duka huɗun suna cikin da'irar 'yan'uwa.

Na farko, kuma mafi ƙarfi, mutum ya gwada da hannunsa ya ga ya iya. Ranar da ka tsaya ka karanta wa mutum goma layi uku ba ka yi tuntuɓe ba, babu mai sake gaya maka cewa kai ba ka da ƙwaƙwalwar boko. Na biyu, ya ga wani irinsa ya yi. Idan malamin da ya yi digiri ya rubuta wasiƙa, ba ka jin ya shafe ka. Amma idan maƙwabcinka mai sayar da itace ya rubuta, sai zuciyarka ta ce ashe ni ma zan iya. Na uku, wanda ka yarda da shi ya ƙarfafa maka gwiwa. Na huɗu, hankalinka ya kasance a kwance, domin wanda gabansa ke faɗuwa ba ya riƙe karatu. A tsakar gidan da ka saba shiga, cikin mutanen da kuke cin tuwo tare, kuskure ba abin kunya ba ne.

Akwai kuma ribar da jagoran kansa ke samu. Duk wanda zai koya wa wani abu dole ya sake bitarsa, ya tsara shi a ransa, ya nemo misali, ya shirya wa tambaya. A nan yake gane inda saninsa ya tsaya. Shi ya sa sau da yawa jagora yakan fi kowa ƙaruwa, shi ya sa kuma bai kamata jagoranci ya tsaya a hannun mutum ɗaya ba.

Riƙon jama'a da zumunci

Shugabanci ayyuka ne ƙanana da ake koyo ta hanyar yi: kiran taro a kan lokaci, ba kowa damar magana, dakatar da mai dogon zance cikin ladabi, jawo mai shiru, riƙe amana, faɗin gaskiya a kan kuɗi, da amsa gyara ba tare da fushi ba. Wanda ya saba da waɗannan a cikin mutum goma sha biyu, idan aka kira shi kwamitin makaranta ko na rijiyar burtsatse ko na masallaci, ba zai ruɗe ba.

Wani lokaci jagora yakan girmi wasu, wasu kuma su girme shi. Ladabi shi ne ke gyara wannan. Saurayi ba zai ce wa dattijo ya yi kuskure a gaban mutane ba. Zai matsa kusa ya ce, "Baba, a gafarce ni, mu sake bin layin nan tare." Dattijon ya ce, "To, ɗana, ja mu je." Matashiya ta ce da babbar mace, "Inna, ke ce kika fi mu sanin awon hatsi, ki faɗa mana, ni kuma in rubuta a allo." Kowa ya tashi da mutuncinsa, karatu kuma ya shiga.

Mutanen da ke haɗuwa duk mako sukan san halin juna. Idan ba a ga wata ba, za a aika a dubo ta. Idan ɗan wani ya daina zuwa makaranta, za a ji. Idan asibitin gari ba magani, maimakon kowa ya yi ƙorafi a zaurensa, sai a rubuta takarda ɗaya, mutum uku su kai wa mai unguwa ko kansila. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abubuwan da ke rusa da'ira

Wannan tsari yana da iyaka, kuma wajibi ne a san ta.

Babban haɗari shi ne yaɗa kuskure. Yardar da ke sa mutane su karɓi gaskiya daga bakin ɗan'uwansu, ita ce ke sa su karɓi kuskurensa. Abin ya fi muni a sha'anin lafiya da addini da shari'a. Jagora ba likita ba ne, ba kuma mai ba da fatawa ba ne. Idan aka yi tambayar da ta fi ƙarfinsa, ya ce, "Ban sani ba, amma zan tambayo," ya rubuta ta, ya kai wa malamin aji ko ma'aikacin lafiya ko malamin addini, ya dawo da amsa. Jajin Nana Asma'u haka suke yi.

Na biyu, mai kuɗi ko mai faɗa a ji ya mamaye zama, sauran su koma 'yan amin. Maganinsa a rubuta dokar karɓa-karɓa tun ranar farko.

Na uku, gajiyar jagora. Shi ma yana da gona da iyali. Idan aka bar masa komai, wata uku ya yi yawa zai janye. A raba aiki, kuma idan yana barin sana'arsa don koya wa wata unguwa, a yi masa abin hasafi.

Na huɗu, tsegumi. Wadda ta faɗi damuwar gidanta a da'ira, ta ji zancen a bakin rijiya, ba za ta ƙara dawowa ba, ƙawayenta ma haka.

Na biyar, kuɗi da siyasa. Duk kuɗin da aka tara a ƙirga shi a gaban kowa, a rubuta. Kowa yana da 'yancin jam'iyyarsa, amma ya ajiye ta a ƙofa kafin ya shigo.

A ƙarshe, da'ira ba ta maye gurbin makaranta. Haƙƙin jama'a ne hukuma ta kawo ƙwararrun malamai da littattafai da wurin zama. Da'irar da ta yi ƙarfi ita ce ma za ta fi iya neman wannan haƙƙi.

Yadda za ku kafa taku

1. Ku haɗu mutum takwas zuwa goma sha biyar waɗanda gidajenku ke kusa. Idan an fi haka, wasu ba za su sami bakin magana ba.
2. Ku sanar da mai unguwa da liman. Mata su shawarci mazajensu ko iyayensu tun da wuri, a gaya musu rana da wuri da lokacin tashi.
3. Ku zaɓi abu ɗaya da kuke so ku iya cikin wata uku: karanta saƙon waya, rubuta bashin shago, gane katin rigakafin yara, ko cike takardar banki.
4. Ku tsayar da rana da lokacin da ba zai ci karo da salla ko kasuwa ko aikin gona ba. Awa ɗaya da rabi ta isa.
5. Ku raba aiki: jagoran zama, mai rubuta sunaye, mai kula da lokaci, da mai dubo wanda bai zo ba. Duk wata a sauya.
6. Ku kafa dokoki kaɗan da bakinku: ba a yi wa mai kuskure dariya, ba a katse mai magana, abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan.
7. Ku nemi wanda jagora zai riƙa komawa wurinsa aƙalla sau biyu a wata, kamar malamin ajinku.
8. A kowane zama a fara da addu'a da gaisuwa, a yi bitar na baya, jagora ya kawo sabon abu a taƙaice, a rabu biyu-biyu a gwada, sa'an nan kowa ya faɗi abin da zai yi da shi kafin mako mai zuwa.
9. Bayan wata uku ku yi wa unguwa wani aiki da abin da kuka koya. A wurin, a kira sunan duk wanda ya jagoranci zama, a gode masa a gaban jama'a.

Taƙaitawa

Karatun da 'yan'uwa ke jagoranta tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u ta isar da ilimi ga matan ƙauyuka ta hannun jaji, matan Maraɗi kuma sun koyi tattali da shugabanci ta hannun junansu tun daga 1991. Tsarin yana tafiya idan jagora daga cikin jama'a yake, an girmama shi, yana da wurin ƙaro sani, karatun kuma yana amfanar gari. Yana lalacewa idan aka yaɗa kuskure, ko mutum ɗaya ya mamaye, ko amana ta ɓace.

Tambayoyi

1. Wace matsala ce ta sa Nana Asma'u ta naɗa jaji?
2. Me ya sa ta zaɓi waƙa ta zama hanyar koyarwa?
3. Mene ne amfanin raba mabuɗan akwati ga mata uku?
4. Kawo bambanci biyu tsakanin adashe da tsarin Mata Masu Dubara.
5. Lissafa abubuwa huɗun da ke sa mutum ya yarda zai iya yin aiki, ka kawo misalin ɗaya daga rayuwarka.
6. Me ya kamata jagora ya yi idan aka tambaye shi maganin ciwon da bai sani ba?

Tattaunawa a aji

Ku rabu gida uku. Kowane gida ya tattauna wannan: a unguwarku, wa ya fi dacewa ya fara jagorantar da'ira, wanda ya fi kowa iya karatu ko wanda aka fi yarda da shi? Kowane gida ya wakilta wanda bai taɓa magana a gaban aji ba, ya faɗi matsayarsu.

Aikin gida

Ka zaɓi abu ɗaya da ka iya sosai daga darussan da suka gabata. Kafin zama mai zuwa, ka koya wa mutum ɗaya wanda ba ya zuwa wannan aji, a gidanku ko a wurin sana'arka. Ka rubuta layi biyar a kan abin da ka koya masa, da tambayar da ya yi maka, da ko ka iya amsa ta. Idan ba ka iya ba, ka zo da tambayar aji, za mu nemi amsarta tare, ka koma ka kai masa.